Motar Koyo Mai Sabuwar Ƙwaƙwalwa

Yayana malamin tuƙi ne. Kafin nan ya yi shekara da shekaru yana jan bas ɗin ma'aikatan wani kamfanin sabulu, kuma har ya ajiye aikin bai taɓa goga motar da ko da reshen bishiya ba. Ma'aikatan ba su gode masa ba, domin kullum a makare suke isa. Su ne suka laƙaba masa Malam Sannu-Sannu, sunan kuma ya bi shi har gida. Tun muna yara haka yake. In Inna ta aike mu tare, sai in je in dawo in same shi a ƙofar gida yana duba hagu da dama, alhali lungunmu ko keke ba ya iya shiga.

Ni labule nake sayarwa. Shagona yana da wani ɗan ɗaki a gefe inda nake zuba ragowar yadi, to da Yaya ya ce zai buɗe makarantar koyon tuƙi sai na kwashe kayana na ba shi. Ya sa tebur da benci, ya manna hoton alamomin hanya a bango, ya ɗaure wani tsohon sitiyari a jikin teburin don masu fara koyo su saba da juyawa kafin a ba su na gaske. Mota ɗaya gare shi, 'yar ƙarama fara mai giyar hannu, wadda mai walda ya ƙara wa birki na biyu a gefen da malami ke zama. Yana wanke ta da safe, yana goge ta da rana, in ruwan sama ya sauko kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ta kamar uwa ta kai yaro makaranta ranar farko.

Matsalar 'yan koyo ɗaya ce a ko'ina: kashe mota. Mutum zai taka kuloci, ya sa giya, ya saki ƙafa kamar ya taka garwashi, motar ta yi tsalle ta mutu. Duk mutuwar da za ta yi, sai kan Yaya ya yi gaba ya dawo baya. A haka a haka wuyansa ya ƙage, har likita ya ba shi wani abin soso mai tauri ya ɗaura, ya koma in zai kalle ka sai ya juyo da jikinsa duka.

A cikin ɗalibansa babu wadda ta kai Shugaba iya kashe mota. Tsohuwar shugabar makarantar firamare ce da ta yi ritaya, doguwa, mai tabarau da igiya, da wata baƙar jakar hannu da ba ta rabuwa da ita. Rabin unguwar ta hannunta suka bi, shi ya sa in ta kashe mota a tsakiyar shataletale babu mai yi mata hon. Direbobi sai su sunkuyar da kai su zagaye ta. Ta daɗe tana koyo, waɗanda suka fara bayanta sun gama har wasu sun sayi mota sun sayar, ita tana nan a giya ta ɗaya.

"Malam, motarka ba ta da tarbiyya," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, kuloci ne ake saki a hankali."

"A hankali na saki. Ita ce ba ta saurara ba."

Yaya ba ya jayayya da ita. Shi ma ta taɓa koyar da 'yarsa.

Tsakanin darasi da darasi, Yaya kan zauna a benci yana kallon wasu mutane a waya suna farke injin mota suna mayarwa. Wata rana ya leƙo shagona da wayar a hannu, fuskarsa na sheƙi.

"Auta, kin san kowace mota ta zamani tana da ƙwaƙwalwa?"

Na ce ban sani ba, kuma ban ga alamar haka a tasa ba.

Ya zauna a kan bandir ɗin yadi ya yi mini bayani. Wai wani ɗan akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin dashbod, shi ke cewa a zuba wa inji mai kaza, a ba fulogi wuta yanzu. Wadda kamfani ya sa ba ta jin magana, abin da aka koya mata a masana'anta shi ke nan har ta mutu. Amma akwai wadda ake saya daban, a cire ta asali a sa ta, a jona mata kwamfuta, mutum ya koya mata duk abin da yake so.

"Kai me kake so ka koya mata?"

"Haƙuri," ya ce. "In ɗan koyo ya saki kuloci da garaje, ta ƙara wa kanta mai ta riƙe, kada ta mutu."

Ban ɗauka da gaske yake ba sai da kwali ya iso. Mai sayarwar ya gane irin mutumin da ya samu, don haka bai bar shi da akwati ɗaya ba. Akwai babbar ƙwaƙwalwar, da wani ɗan akwati mai hanci da ake sokawa a salansa don ya riƙa shinshinar hayaƙi, da ƙaramin allo mai nuna lambobi, da wani mai riƙe silo, wato ƙarar injin in mota tana tsaye. Sai wani na ƙarshe, baƙi, mai jan makunni dogo kamar ɗan yatsa.

"Wannan fa?" na tambaya.

"Na 'yan tsere ne. Haɗowa suka yi. Ba za a yi amfani da shi ba."

"To me zai sa a sa shi?"

"Gurbinsa yana nan a jikin wayar. Ba a barin rami a buɗe, datti zai shiga."

Matarsa, wadda muke kira Anti, ta kawo masa abincin rana ta tarar da akwatunan jere a kan tebur. Ta ɗaga babban ta jijjiga a kunne, ta ajiye.

"Da na san ana sayar da ƙwaƙwalwa a kwali," ta ce, "da ba motar zan fara saya wa ba."

Aikin wayar mota a layinmu na mutum ɗaya ne, wani riwaya da ake kira Tartsatsi. Rumfarsa tana bayan shagunan, cike da matattun batura da fitilun motocin da masu su suka manta. Gajere ne mai ƙaton ciki, girarsa ta hagu ba ta taɓa gama tsirowa ba kafin ta sake ƙonewa. Kayan aikinsa ƙwan fitila ne guda da ya ɗaura wa waya biyu, in ya taɓa ya kama to akwai wuta, in bai kama ba sai ya goga wayar a ƙarfe ya ga ko za ta yi tartsatsi. Ya iya aiki, babu mai musu. Amma da Yaya ya zazzage masa damin sababbin wayoyin, kamar kitson da aka tsefe, ya buɗe littafin da ya zo da su ya karanta, "Ja mai ratsin fari zuwa injekta ta farko," sai Tartsatsi ya ɗauko kore shar ya miƙa.

"Wannan kore ne," in ji Yaya.

"Haske ne ba kyau a nan."

Suka fita rana. Ya sake ɗauko kore. Daga ƙarshe ya sosa ƙeya ya ce shi tun da aka haife shi ja da kore duk abu ɗaya ne a wurinsa, danja ma da matsayin fitilar yake ganewa, ta sama a tsaya, ta ƙasa a wuce. Shi ba da kala yake aiki ba, da ji yake aiki. Yaya kuwa wuyansa ba ya lanƙwasuwa balle ya leƙa ƙarƙashin dashbod. Suka dubi juna, sannan suka dubi shagona.

Haka na tsinci kaina a kan kujerar roba a bakin ƙofar mota, na bar shago a hannun maƙwabciya. Tartsatsi ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafunsa a kan kujerar direba, Yaya yana tsaye da littafi kamar liman. Yaya ya karanta, Tartsatsi ya miƙo waya, ni in faɗi kala.

"Ja," in ji Yaya.

Hannu ya fito da waya. "Wannan?"

"Wannan ruwan hanta ne."

"Wannan fa?"

"Ruwan hoda mai duhu."

"Auta, littafin ja kawai ya ce."

"To mai littafin bai taɓa sayar da labule ba. Ja iri-iri ne. Ka kawo mini amarya ka ce mata duk ɗaya ne, ka ji."

Muka yi kwanaki a haka. Na koyi abin da ban nema ba: ga wayar da ke zuwa wurin sensar da ke ƙirga juyin inji, ga ta zafin ruwa, ga wadda dole a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen mota in ba haka ba komai ya rikice. Tartsatsi yana haɗawa da dalma yana naɗewa da salatif, hayaƙin na shiga masa ido yana waƙa. Mai walda ya zo ya huda salansa ya liƙa mazaunin hancin nan mai shinshina. Tsohuwar ƙwaƙwalwar kuma Yaya ya naɗe ta a tawul ya sa a aljihun tebur, ya ce ba ta yi masa laifin komai ba, ba zai wulaƙanta ta ba.

Ranar da za a tayar, masu shagunan layin suka taru. Yaya ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sai ta kama. Aka yi tafi. Ya ɗan taka totur, sai waifa ta tashi ta share gilashi. Ya ƙara takawa, ta ƙara sauri. Ya saki, ta kwanta. Muna cikin kallon wannan ikon Allah inji ya yi zafi, fanka ta tashi, hon kuma ya tashi tare da ita, bai yi shiru ba sai da ta tsaya.

Tartsatsi ya ce ni na ba shi makuba a maimakon ruwan goro. Na ce wayar da ya nuna mini daban, wadda ya jona daban. Yaya ya ce watakila littafin ne. Har yau ba a raba wannan gardama ba, kuma ni dai na san abin da idona ya gani. Aka sake kwancewa aka gyara.

Daga nan aka shiga koyar da ƙwaƙwalwar. Yaya ya aro kwamfutar 'yarsa mai karatun jinya, ya jona, sai ga wasu ƙananan gidaje kamar na dara, kowane da lamba a ciki, kowace lamba tana faɗin yawan man da za a ba inji. Yaya mutum ne mai tausayi. Ya ce motar da ke fama da 'yan koyo tana buƙatar ci da kyau, ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya yana ƙarawa. Da aka tayar, wani baƙin hayaƙi ya fito daga salansa ya nufi fararen labulen da na rataye a waje don talla. Kafin in kwashe sun koma ruwan toka mai ratsi-ratsi. Na wanke sun ƙi fita, na ce sabon yayi ne, wata mai gyaran falo ta kwashe su duka har tana tambaya ko akwai saura. Akwatin mai shinshina shi ya cece mu, domin ya yi ta nuna a allo cewa man ya yi yawa, har Yaya ya haƙura ya rage.

Allon ma bai daɗe a wurinsa ba. 'Yan koyo suka daina kallon hanya suka koma kallon lambobi, wani tela ya kusa hawa kan mai sayar da lemo yana tambayar me ya sa tamanin ta koma tamanin da biyu. Yaya ya juya fuskar allon zuwa gefensa.

Akwatin silo shi aka jona a ƙarshe, da na jan makunnin, wanda Tartsatsi ya ɗaure a ƙasan dashbod kusa da gwiwar direba don nan ne kawai ya sami rami. Da yamma aka gwada. Yaya ya kira telan nan ya ce ya saki kuloci yadda ya saba. Tela ya saki, motar ta girgiza, ta yi gurnani, ta riƙe, ta tafi. Yaya ya cire abin wuyansa a gaban jama'a ya ajiye a kan bonet. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

Sai ya shiga ya ajiye ta a wurin kwananta, ya murɗa makulli ya zare. Motar ta ci gaba da aiki.

Ya mayar da makullin ya sake zarewa. Tana nan tana kiɗinta, lafiya lau, kamar ba da ita ake ba. Tartsatsi ya ce a fizge fis, Yaya ya buɗe littafi ya nuna masa inda aka ce kada a kuskura a cire komai inji na aiki. To a kashe ta da giya mana, in ji mai walda. Yaya ya shiga, ya sa giya, ya ƙudurta zai saki kuloci da mugunta. Ƙafarsa ta ƙi. Abin da ta saba shekara da shekaru shi ta yi, motar ta zame a hankali kamar kwale-kwale, ya zagaya layin ya dawo yana jin kunya. Tartsatsi ya gwada, motar ta yi kakari ta farfaɗo. Tela ya gwada, ta riga ta san shi. Man fetur kuma Yaya ya cika tanki da safe.

Anti, wadda ta zo ɗaukar kwanukan abinci, ta tsaya ta gama kallon su tsaf.

"Ku kira Shugaba," ta ce.

Aka aika. Ta zo da jakarta, ta saurari bayani. Ta shiga, ta gyara kujera, ta gyara madubi, ta ɗaura bel. Ta taka kuloci, ta sa giya ta biyar tana zaton ta ɗaya ce, birkin hannu yana sama, ɗaya ƙafar tana kan birki don tsoro, ta saki. Motar ta ce ƙit, ta mutu murus.

"Abin da kuka taso ni a kai ke nan?" ta ce, tana kwance bel.

Daga ranar aka mayar da darasinta na ƙarshe a yini, don in an gama ta kwantar da motar. Tartsatsi ya ce wata waya ce ke mayar da wuta baya, zai nemo ta in ya sami sarari, bai kuma yi saurin samu ba. Shugaba ta ɗauki aikin da muhimmanci. In ta makara, sai ka ga Yaya zaune a benci, mota na aiki a gefensa, su biyu suna jiran ta.

Akwai wani fili a bayan tsohon sito inda Yaya ke kai ɗalibai. Ya jera gwangwanayen fenti a tsakiya don koyon kwana, a can ƙarshe kuma akwai ɗakin mai gadi da awakinsa. Wata ranar Asabar ina da kayan da zan kai wa wata mata a bayan filin, sai na roƙi a rage mini hanya. Na shiga baya da bandir-bandir na leshi da na karan-miski. Yaya ya tuƙa mu, ni da Shugaba, zuwa filin, suka yi musanyar wuri da ita, ya ɗora kwamfuta a cinya don yana son ya ga yadda injin ke numfashi a hannunta.

Shugaba kullum tana fama da inda za ta ajiye jaka. Ranar ta sunkuya ta ga jan makunnin nan.

"Ashe ka sa mini maratayi. Ka kyauta."

Ta rataye jakar. Makunnin ya yi ƙasa. Yaya yana kallon gidajen dararsa, ni kuma na ɗauka ya sani.

Sai daga baya na fahimci aikin wannan akwati. 'Yan tsere in za su tashi, suna taka kuloci, su danne totur har ƙasa, akwatin ya riƙe injin yana tafasa a wuri ɗaya, da an saki kuloci mota ta fita kamar an harba ta. Wato daidai yadda Shugaba ke tashi kullum, sai dai a da ƙwaƙwalwar tana danne abin.

"Ranki ya daɗe, ɗan totur kaɗan," in ji Yaya.

Ta taka har ƙasa. Motar ta fara wani irin ƙara, ta-ta-ta-ta, kamar ana fasa ƙwai na ƙarfe, salansa na harbi, na waiga na ga harshen wuta ta gilashin baya. Awakin mai gadi suka watse.

"Ranki ya daɗe, ɗaga ƙafa."

Ƙafar totur yake nufi. Ta ɗaga ta kuloci.

Abin da na gani bayan nan kaɗan ne, domin bandir ɗin leshi ya rufe ni. Na ji tayoyi suna kuka, bayana ya manne da kujera, hular Yaya ta zo ta same ni a baya. Shi yana laluben birkinsa na biyu da ƙafa, ashe jakar kwamfutar ta faɗa ta shige ƙarƙashinsa, yana takawa yana taka soso. Da na samu na fito da ido ɗaya, sai na ga gwangwanayen fenti suna wucewa, wannan ta hagu, wancan ta dama, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Na ji ta sa giya ta biyu, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, sannan ta uku. Ta zagaye ɗakin mai gadi, ta dawo, ta taka birki ta tsaya daidai kan layin da muka tashi. Sannan ta kashe motar yadda ta saba.

Ƙura tana sauka.

"Auta, kina nan?" in ji Yaya, bai juyo ba.

"Ina ƙarƙashin leshi."

Shugaba ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi ta mayar. "Malam," ta ce, "ashe dama tana tafiya, ka ɓoye mini?"

Mai gadi ya iso da sanda, yana cewa akuyarsa guda tana kan rufin ɗaki kuma bai san ta inda ta hau ba. Da ya leƙa ya ga wadda ke kan sitiyari sai ya ɓoye sandar a baya ya gaishe ta, ita kuma ta tambaye shi ko har yanzu yana rubuta bakwai a juye.

A hanyar dawowa ta yi wa Yaya bayani, shi yana tuƙi da hannu biyu yana kallon gaba. Ta ce in ana tafiya a hankali tana samun lokacin tunanin duk abin da zai iya lalacewa, sai ƙafafunta su rikice. In da sauri ne kuwa babu lokacin tunani, sai aiki. Ta ce makarantar da ta riƙe yara ne fululu, in faɗa ya kaure a filin wasa ba a tsayawa duba madubi.

Yaya ya yi kwanaki bai fito ba. Na je duba shi na same shi kwance a falo yana kallon silin. Ya ce shi duk rayuwarsa abu ɗaya ya sani yake kuma koyarwa, ga shi jakar hannu ta koyar da abin da ya kasa. Anti tana ninke kaya a gefe ta ce ya tashi ya tafi aiki, motar tana can tun jiya wani ɗalibi ya tayar da ita don ɗumama inji, kuma Shugaba ta tafi biki.

Da ya dawo ya sauya mata tsari. Ya daina ce mata a hankali, ya koma cewa "mu je", ko da yake da ƙyar kalmar ke fita, kamar yana haɗiyar magani. Ba a daɗe ba ta je gwaji ta ci, da makunnin a sama, an naɗe shi da salatif, jakar kuma a kan cinyar jami'in gwajin, wanda ya riƙe ta da hannu biyu har aka gama. A makon ne Tartsatsi ya gano wayar da ke mayar da wuta, ya yanke ta, motar ta koma mutuwa da makulli kamar kowace mota. Shugaba ba ta ji daɗi ba. Ta ce ai da an yi shawara da ita.

Labari ya bazu a cikin ƙawayenta. Sai ga su suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar ungozoma, da matar wani mai kantin magani, da wata da ta yi aikin gidan waya, duk masu jikoki, wasu ma da lasisinsu tun tuni. Su zauna a bencin Yaya su saurari bayanin alamomin hanya cikin ladabi, in ya gama sai ɗaya ta sunkuyo ta ce, "Malam, mu fa irin darasin Shugaba muke so." Ya ƙi, ya ƙi, har ya gaji. Yanzu ranar Asabar da hantsi ake yi, a filin sito kawai, mutum ɗaya tashi ɗaya, da hular kwano da ya aro wurin masu babur, wadda suke ɗorawa a kan ɗankwali. Ana aika wa mai gadi tun ranar Juma'a ya kai awakinsa gidan ƙaninsa. Yaya yana zama a gefe, ƙafarsa a kan birki na biyu, idonsa a rufe har sai an tsaya.

Kwanan baya Anti ta ce ita ma za ta koya, tunda motar gidansu ce. Yaya ya ce to, amma daga tushe za a fara. Sun yi darasi da yawa, har yanzu ba a tayar da injin ba, suna kan madubin gefe. Jiya ta shigo shagona kamar za ta duba labule, ta tambaye ni wace rana Yaya ke zuwa aski, kuma ko ina da lambar Shugaba. Na ba ta, na ce in sun shirya fita da motar su biyo ta nan, amma su bari in fara sauke kaya daga kujerar baya.